Takardar da Ruwa Ya Wanke a Gidan Sori

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Lawal, ya hanya? An samo hotunan?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji wani yana rantsuwa wai jandarmomi ne suka tsare ni kwana shida. Ba wanda ya tsare ni. Ni na jawo wa kaina, kuma ga yadda aka yi.

Ga wanda bai san mu ba, ni da abokina Sagir wasan waya muke haɗawa a nan Katsina. Shi ke rubuta wa na'ura umarni, ni nake zane. Bara muka ci karo da wani wasa da wasu 'yan tsirarun Turawa suka yi. Wasan dabara ne kamar dara, ka yi tunani ka motsa naka, abokin karawa ya motsa nasa. Amma ni zanen ne ya tafi da ni. Sun kwaikwayi tsofaffin littattafan kakanninsu na rubutun hannu, waɗanda ake yi wa ado a gefe: ga zomo riƙe da takobi, ga jaki yana busa ƙaho, kuma a kan shafin littafin ake gwabza yaƙin. Sagir ya dube ni ya ce, "Mu kakanninmu ba su yi rubutu ba ne?"

Sun yi mana. Sai dai namu ba dabbobi a ciki, zayyana ce: gidaje-gidaje da ƙulle-ƙulle, da ja da rawaya da baƙi. Muka yanke shawarar zayyanar ce za ta zama filin wasanmu. Na yi wata uku ina kwaikwayon hotunan da na tsinto a intanet, duk abin da na zana sai ya fito kamar zanin gado. Kakata Abu ce ta leƙa wayata wata rana ta taɓe baki. Ta ce in dai zayyana nake so, in je wurin ƙanenta Malam Iro a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Littafin mahaifinsu yana hannunsa, wanda ya rubuta da kansa bayan ya bar ƙasar Katsina ya tsallaka arewa. Ta ce duk duniya shi kaɗai ne, ba a taɓa kwafe shi ba.

Farkon damina na tashi. Daga Katsina zuwa Jibiya ba abin labari, sai dai wata mata da ta ɗora mini buhun barkono a cinya ta ce in riƙe mata minti biyu, ba ta karɓa ba sai a tasha. A kan iyaka kuwa wani jandarma dogo ya karɓi takarduna ya tambaye ni sana'a. Na ce ina zana wasan waya. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ce, "A'a, ni sana'a nika tambaya." Sai da na fito da wayar na nuna masa sannan ya saki fuska, ya ce 'yarsa ma haka take, in ta taso daga lakol, wato makaranta, ba ta da aiki sai latse-latse. Ya miƙo mini takarduna yana kallona da tausayi, kamar wanda iyayensa suka yi asarar tarbiyya.

A Maraɗi na fara sanin na bar gida. Layin wayata ya mutu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har yanka dasashi yake, amma da na tsoma shi a shayi na yafe masa. Ɗan acaɓa a can kabu-kabu ne. Hausar dai tamu ce, sai an zo kan makaranta ko ofis sannan Faransanci ya leƙo.

Kaka Abu ta ce mini in sauka a Gidan Rumji, ni kuma ban tuna cewa rabonta da hanyar ya fi shekaruna ba. Na sauka da la'asar sakaliya na tambayi motar Gidan Sori, mutane suka yi ta dariya. Ashe na zarce. Wani mai sayar da hatsi, Alhaji Mamman, ya ce ba a shiga hanyar nan da yamma ga hadari, in zo in kwana a zaurensa. Bai tambaye ni daga ina ko ɗan wane ne ba sai da na ci na ƙoshi. A nan na ci kwaɗon zogale da suke kira kopto, da ƙuli-ƙuli har ya yi masa yawa. Aka dafa shayi a 'yar ƙaramar buta, na shanye na farko mai ɗaci na yi godiya na miƙe. Alhaji ya kama gefen rigata ya ce, "Zamna. Nan ba a tashi ga na hwari, sai an sha ukku." Mu a gida mutum ya kurɓe shayinsa a tsaye ya kama gabansa. Can kuwa shayi hira ne, kuma ba a gaggawarsa.

Da safe ya haɗa ni da ɗan kabu-kabu. Yashi ya kayar da mu sau biyu, na biyun a gaban wasu mata masu dawowa daga rijiya, waɗanda suka yi mana sannu suna ƙunshe dariya. Ƙarshen hanyar a amalanken jaki na yi shi, zaune a kan buhun irin wake, jakar kayan zanena a ka.

Na sami Malam Iro a ƙofar gida a kan buzu. Tsoho ne siriri, idanunsa sun yi fari fat, yanar ido ta rufe su shekara shida ke nan. Da na ce ni jikan Abu ne, sai ya lalubo fuskata da hannu biyu ya ce hancin nasu ne, sauran kuwa ba ruwansu. Matarsa Hajjo ta fito da ƙwaryar fura tana cewa, "Yau ga maigidana ya zo! To mi ka kawo mani? Ko hannu biyu ka taho, irin mazan Nijeriya?" Wasan kaka da jika ne, na mayar mata na ce ai na ji an ce ta tsufa shi ya sa ban wahalar da kaina ba. Furar ba sukari, nonon kuma na Fulanin da ke bayan gari ne, ban taɓa shan mai daɗinta ba.

Na yi wa Malam bayanin abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato dara kaka so ka yi bisa littahin ubana." Na ce kusan haka ne. Ya yi dariya ya ce mahaifin nasu ma gwanin dara ne, ba zai ƙi ba. Sharaɗinsa guda: in ɗauki zane, kada in sa rubutu a wasan, don akwai sunan Allah a ciki, waya kuwa ba inda ba a shiga da ita.

Ya aika aka ɗauko littafin. Yana cikin gafaka ta fata, an naɗe shi da tsumma, an matse shi tsakanin kirgi biyu. Da ya kwance igiyar sai na ga abin da ban taɓa tunani ba, duk da wata ukun da na yi ina kallon hotuna. Littafin ba a ɗinke yake ba. Takardu ne warwara, fiye da ɗari biyu, kuma ba lamba ko a guda. A ƙasan kowace takarda, can kusurwa, an rubuta kalmar da takarda ta gaba ta fara da ita, da haka kaɗai ake sanin jerinsu. Waƙa ce doguwa da ajami, labarin tahowar mahaifin nasu da saran daji da shekarun yunwa da na ƙoshi. Duk inda babi ya ƙare sai ya cika bayan takardar da zayyana. Da na ga ta farko sai na kasa ɗauke ido daga kanta. Jan ya yi duhu kamar jan goro, layukan ba su miƙe sosai ba, amma suna da rai, abin da nawa suka rasa.

Malam ya ce, "Ka ɗauki guda, ka duba, ka kihe ta hagunka. In ka gama da ita ka ɗauki ta gaba. Kada biyu su bar wurinsu lokaci guda. Ka jiya?"

Na ce na ji.

Washegari bayan azahar aka zo aka ja shi zuwa ta'aziyya a unguwar gabas. Ya bar ni da littafin a zaure. Zauren duhu gare shi, hotunan suna fitowa dishi-dishi, ga cajin wayata yana ta ƙasa, garin kuma ba wuta. Sai wayon 'yan birni ya motsa mini. Na ce me zai sa in bi takarda ɗari biyu ɗaya-ɗaya alhali masu zayyana ba su fi ashirin ba? Na bi na zare su duka, na ce ai zan tuna wurin kowace. Na fitar da tabarma tsakar gida inda haske yake, na jera su, na ajiye sauran tulin a gefe ba tare da na ɗaure ba. Hajjo tana sussuka ta ɗago ta ce, "Maigida, gabas ta yi baƙi fa." Na ce saura kaɗan.

Iskar ba ta yi sallama ba. Kafin in ɗago daga wayar ta kwashe na kan tabarma, ta bi tulin ta watsa shi sama. Na ga takardu suna tsallake danga kamar an kori tantabaru. Na yi ihu, Hajjo ta yi salati, maƙwabta suka fito. Maza da mata kowa ya bazama, wani ya cafko a kan rumbu, wata ta ciro a ƙaya, ana cusawa a riga ana gudu da su ɗaki. Tawadar nan ta gargajiya ce, ruwa na taɓa ta ta tafi, kowa a garin ya san haka. Muna cikin tsinta ruwan ya sauko.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da aka dawo da Malam na durƙusa gabansa na faɗa masa komai, ban rage ba. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya sa hannu a kan tulin da aka tara, wasu a kife wasu a juye, yana shafa su. Can ya ce, "An samu duka?"

Na ce ban sani ba, nawa ne adadinsu?

Ya ce, "Ban taɓa ƙilga su ba. Mi za ya sa in ƙilga? Sai mun bi su daga hwari hal ƙarshe muka sanin wadda ta ɓace. Ni ba ido, kai ko ban san abin da ka iya ba."

Abin da na iya kaɗan ne. Allona na ajiye tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya, rubutun kuma irin na da ne mai ƙudundune. Amma ba wani mai lokacin zama a garin, shuka ake yi, kowa yana gona. Haka muka zauna ni da shi a zaure kwana uku. In ɗauki takarda in yi ta in'ina a kan layin farko, kafin in kai rabi ya karɓe ya rera sauran da ka, ya ce, "Wagga ta saran daji ce, aje ta dama." Da muka gama raba su babi-babi, sai muka koma bin kalmar kusurwa, wannan ta kira wannan. In na yi kuskuren karatu ya ce jikan Abu boko ya cinye shi. In na dace sai ya yi shiru, wannan shi ne yabonsa. A rana ta biyu na lura na daina ganin takardun a matsayin kayan zane. Na fara son in ji yadda mutumin nan ya ƙare da rijiyar da ya yi wata biyu yana haƙa.

Ranar ce kuma wani Bafillace makiyayi ya yi sallama. Ya cire malafarsa, sai ga takardu uku a naɗe a ciki, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ya ce cikin shanunsa suka faɗo. "Mi gani rubutu, mi ce wannan na Malam ne. Nagge ta so ta ci, mi hana ta." Ko zama bai yi ba, ya mayar da malafarsa ya tafi.

A rana ta uku da hantsi muka zo inda kusurwa ta kira wata kalma, muka duba duk abin da ya rage ba takardar da ta fara da ita. Guda ɗaya ce tak ta ɓace. Da yamma wani manomi ya kawo ta, ya tsince ta a kwance cikin kunyar gero. Ta bushe ta yi fari, sai dabbare-dabbaren ja da rawaya. Na yi sauri na kunna wayata da na kashe don tattalin ɗan cajin da ya rage, don tana cikin waɗanda na ɗauka. Hoton yana nan, zayyanar ta fito tsaf. Amma gefen zanen kaɗai na ɗauka. Ko juya ta ban yi ba in ga abin da aka rubuta a bayanta.

Na ce wa Malam ai ya san littafin da ka, ya faɗa in rubuta. Ya gyara zama ya fara. Ya yi baiti biyu ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri guda. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Wagga ita ɗai ce ban riƙe ba. Rasuwar innarmu ce, shekarar yunwa, ina ɗan yaye. Kullum na zo gare ta sai in kihe ta in wuce, ban iya karanta ta. Ina cewa tana nan, wata rana na karanta. Ga shi ido ya tahi, ita ma ta tahi."

Haƙuri ma na kasa ba shi, don ni na yi ɓarnar. Na zauna riƙe da farar takarda ina jin kamar in nutse cikin ƙasa.

Daga bayan zana sai muka ji murya. Hajjo ce, tana tsince wake, ta ɗauki waƙar daidai inda Malam ya tsaya. Muryar tata a shaƙe take, amma ba ta yi tuntuɓe ba. Ta bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, yadda matar ta riƙa ba yara rabonta tana cewa ta ci, da yadda aka binne ta ranar da aka yi ruwan farko. Malam ya karkata kunne yana saurare har ta kai ƙarshe, ta faɗi kalmar da takarda ta gaba ta fara da ita.

Ya ce, "Hajjo, ina kinka samo wagga? Ke da ba ki taɓa taɓa littahin ba?"

Ta ce, "Ga bakin Baba mana, Malam. Sa'ad da anka kawo ni gidan ga, kullum da hantsi shina zamna bakin rumbu shina rera ta, ni ko ina daka. Ita ɗai yaka yi, ba ya yin wata. Ku kuna gona."

"Shi ne ba ki taɓa hwaɗa mani ba?"

"Ka taɓa tambayata?"

Masu tambayar hotuna, na samo su, Malam bai janye izininsa ba ko da na ce na haƙura. Wasan muna kansa, in Allah ya yarda za ku gani. Amma ba shi nake tunawa ba in na tuna tafiyar nan, ranar ƙarshe nake tunawa.

Da safe Malam ya sa aka jiƙa tawada, ya lalubo alƙalamin kara ya fere shi da kansa ba tare da ido ba. Aka samo farar takarda wurin limamin garin, aka yanke ta daidai da sauran. Hajjo ta zauna bakin ƙofar zaure tana faɗa a hankali, ni ina rubutawa. Ni da nake taƙama da zane, tawada ta ɗiga mini sau biyu. Rubutun ya fito kamar tafiyar kaza. Na juya bayan na kwafe zayyanar daga waya iyakar iyawata. Kusa da na mahaifinsu, ko makaho ya san baƙuwa ce, kuma Malam ya faɗa mini haka da ya shafa ta.

Na ɗauka an gama, sai ya ce saura. Ya ce a al'adar masu rubutu, wanda ya kwafe abu yakan sa sunansa a gefe, ya nemi gafarar kuskurensa, ya kuma faɗi wurin wanda ya samo. Na rubuta sunana, na nemi gafara, kuma ban taɓa nufin kalma har zuciya kamar wannan ba. Sannan na tsaya na ce, "Kaka, daga wurin wa zan ce?"

Ya juya fuska wajen Hajjo. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji. "Rubuta: daga bakin Hajara ɗiyar Magaji, wadda ta jiya ga bakin mai littahin."

Hajjo ta ce, "Haba Malam, ni cikin littahin Baba? Rufa mani asiri."

Ya ce, "Rubuta, Lawali."

Na rubuta. Ta goge hannunta a zani ta matso, ta ce in gwada mata wurin. Ba ta san ko harafi guda ba. Na nuna mata, ta kai yatsa za ta taɓa, sai ta janye da sauri ta ce kada ta ɓata, bai bushe ba. Ta durƙusa a wurin tana hura masa iska a hankali har ya bushe.